Kiɗan tsohon gem ɗin Baban Ummi

Mata, ku ji shirmen da ya tsinka min zuciya yau!

Ina wanke-wanke na ji "tii-tii-tirrr" daga ɗakin da Ummi ke barci. Na ce shikenan, soket ya kama wuta! Na ruga, na fizge wayoyin bango, na sunkuci 'yata.

Sai ga babanta: "Wayyo, kin kashe ni! Saura kaɗan!"

Wai kiɗan tsohon gem ɗin nan, wasan bidiyon da ya aro a Zango, yake juyawa a kwamfuta tun safe, don 'yan gurup ɗinsu su ji a waya.

Na ce, "Baban Ummi, wannan kukan gyaren ne kiɗa? Da gemunka?"

Ko kallon yarinyar bai yi ba, sai laluben soket. Yana jonawa aka ɗauke wuta. Na ce, "Alhamdulillahi!"