Ɗan Fari a Bakin Kogi

Tun ranar da maigida ya ce zai kai mu hutu bakin kogi, can gaba da Wudil, nake cikin fargaba. Mu a Daura ruwan guga muka sani. Ga yaron wajena ya shekara biyu, ba ya zama wuri ɗaya. Kuma ɗan fari ne, saboda kara ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban dangin miji. Tun yaye yana hannun yayar maigida, da ita za a tafi. Mutuniyar kirki ce, sai dai in ta ci ta ƙoshi, gyangyaɗi.

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya a sabuwar fijo. Kwalta sumul har Kazaure, motocin siminti a jere kamar ayarin raƙuma. A Kano maigida ya sayi sandar fatsa irin ta Turawa, Yaya ta ce kuɗinta sun isa tunkiya. Aka karya da koko da ƙosai, ni dai ban ci na kirki ba.

Masaukin ya burge ni. Ɗakuna ne na katako a kan ƙafafu kamar rumbu, kowanne da barandarsa tana kallon ruwa. Ga gidan sauro fari tas, ga fanka, ga famfo har cikin ɗaki. Kogin kuwa, ban san Allah ya tara ruwa haka a wuri guda ba. Tafiya yake a hankali, ba hayaniya. Masunta su kifa ciki a kan manyan goruna suna yawo a kansa kamar tsakar gidansu, matansu na bandar kifi a gefe. Ranar na fara cin kifi sabon kamu, ashe busasshen da muke saye a kasuwa labari ne. Ga araha. Maigida ya wuni da sandarsa ya kamo karfasa ɗaya kamar tafin hannu, ya sa aka ɗauke su hoto tare.

Washegari bayan azahar Yaya ta miƙe a tabarma, barci ya kwashe ta. Ina daga gefe ina ɗinkin hula, rabin idona yana kan yaron. Sai ya sauka yana bin agwagi. Na ce, "Yaya, yaron nan fa." Ba ta motsa ba. Na ce, "Kai, dawo." Bai waiwayo ba. Agwagin suka faɗa ruwa, ya bi su har ya kai masa gwiwa.

Ban san lokacin da na ƙwala masa kira da sunansa ba. Ya tsaya cak ya juyo yana kallona, bai taɓa jin sa daga bakina ba. Na sheƙa na sungume shi.

Da na juyo, ga Yaya a zaune, ga maigida riƙe da sandar fatsarsa. Na rasa inda zan sa kaina. Wata tsohuwa mai banda ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, baƙuwa ce ke ko? Mu nan kara ba ta sauka gaɓa. Kogi bai san ɗan fari ba."

Yaya ta harare ni, ta miƙo mini majanyi. "To marar kunya, tunda ashe kin iya sunan, riƙe abinki har mu koma."

Da yamma tsohuwar ta ɗaura wa yaron ƙaramar gora a baya, ya yi ta fantsama da jikokinta ina riƙe da hannunsa. Sai a lokacin na kalli kogin da kyau.

Ranar komawa a cinyata ya yi barci har Daura. A ƙofar gida na mayar wa Yaya da ɗanta. Ban daina kara ba, ko a nan kun ga ban rubuta sunan ba. Amma na gane tana da inda take tsayawa. Roƙona gare ku iyayenmu da yayyenmu, in za a je kusa da kogi ko rijiya ko kududdufi, ku ce wa uwar da bakinku, "Kula da ɗanki." Ita ba za ta iya tambaya ba.