Kiyashi a Rediyon Baba

A gidanmu na Bagudo, wutar da Kaka take hurawa bayan magariba ta korar sauro ce. Ɗanyen ganye take tulawa a kai, hayaƙi ya turnuƙe, mu jikoki mu zauna muna hawaye muna jiran tatsuniya. Tsohuwa ce mai rowar labari, sai an matsa mata ƙafa an yi ta magiya. Sau ɗaya tak ta kira mu da kanta, kuma har yau ban manta da daren ba.

Shekarar da ake cewa Turawa za su tafi ce. Baba ya sayo rediyo mai akwatin katako a wajen fatauci, dattawan unguwa kuma suka sa ranar da za su taru a zaurenmu su ji yadda za a miƙa ƙasa. Da zai sake tafiya ya ja kunnen kowa, kada a taɓa masa kaya.

Iya, mahaifiyata, daga tsallaken iyaka aka auro ta, ƙasar Dahomey. A garinsu duk abin katako mai daraja, akushi ne ko kujera, man gyaɗa ake shafa masa kada ya tsage. Ta ga rediyo ya yi furu-furu, sai ta yi masa gata. Ta shafe shi tas, har ta ɗiɗɗiga mai a 'yan ramukan bayansa, wai cikin ma ya sha.

Baba ya dawo da la'asar, ya murɗa, shiru. Ya jijjiga. Sai ga kiyashi suna tuttuɗowa ta ko'ina, ɗauke da fararen ƙwayayensu, har suka hau hannunsa. Ya shinshina akwatin, ya ɗago kai.

"Wa yas shafa mishi mai?"

Iya tana tankaɗe, rariya ta tsaya cak a hannunta.

"To. Wadda duk tay yi aikin ga, gobe da sahe ta kama hanyar gidansu."

Baba ba ya magana biyu. Ni kuwa na ji ana ta cewa in Turawa sun tafi za a rufe iyaka. A namu lissafin na yara, in Iya ta tsallaka shi ke nan, mu a bar mu gidan uba, ita ba mu ƙara ganinta. Tuwo ya gagare ni ci.

Baba ɗan farin Kaka ne, don kunya ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi masa faɗa a gaban matarsa. Magidanci kuma ba ya zaman tatsuniya. Amma tabarmarsa tana bayan zana, yana can da rediyon da kwalbar kananzir da yake shirin tsiyayawa a ciki. Kaka ta tara mu, ta ba mu gefe, ta fuskanci zanar nan, ta ɗaga murya kamar da kurame take.

"Ga ta nan tahe, mai kunne shi aje."

Wai wani masunci ne mai gora, wadda yake hawa ya bi ruwa. Matarsa ta ga yana wuni da yunwa, sai ta zuba masa zuma a gorar ba ta faɗa ba. Kiyashi suka ji ƙanshi suka tare a ciki. Yana tsakiyar kogi suka fito suka yi ta cizonsa. Ya dawo a fusace, ya kori matar ta haye ruwa, ya jefa gorar a wuta. Tana ci da wuta, sai uwar kiyashi ta leƙo.

Nan Kaka ta matse murya: "Tac ce, bawan Allah, mun zaga garin ga duka, gorunan mutane ƙamas. Taka ɗai munka iske da zuma. Wa ka zuba ma gobe?"

Ba ka jin komai sai ƙarar itace a wuta. Ƙanena ya tambayi abin da ya faru, Kaka ta make masa ƙeya ba ta dube shi ba.

"Yat tahi bakin ruwa shina kira. Babu gora, babu mata. Yat tsaya har wuya yay yi tsawo, ƙahwa ta bushe. Shi na zalɓen da kuka gani tsaye shina kallon ƙetare. Ƙurunƙus, nan tat tsaya."

Ba mu yi dariya ba, ba mu roƙi ƙari ba. Duka idonmu na kan zana. An jima, muka ji gyaran muryar Baba.

"Inna, ƙaƙa aka hid da su?"

"Ba da kananzir ba dai. Buɗe bayan, ka aza shi bisa turmi ga rana, ka sa ƙayar kihi nesa kaɗan. Su ka kwashe ɗiyansu da kansu."

Haka aka yi. Kiyashi sun fita a jere, amma rediyon bai ƙara magana ba, sun riga sun yi masa illa. Labarin miƙa ƙasa a bakin mutane muka ji shi. Maganar hanyar gida kuwa ba wanda ya sake tayar da ita.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar a kan fushi take. Sai da na yi aure na gane tana magana ne a kan ɓarnar da ƙauna kan yi, da wanda ba ya iya bambanta ta da ta mugunta. Bayan rasuwar Kaka na tambayi Iya ko a garinsu ma ana yin ta masuncin nan. Ta girgiza kai, ta ce ba ta taɓa jin ta a bakin kowa ba, a wurin tsohuwar ta ƙaga ta.

"Ni ko rabinta ban ji ba," in ji Iya. "Ina ɗaki na ɗamre kayana, ina kallon taku tabarma, ina tunanin wanda za ni iya sacewa cikinku in goya."