Ranar da Na Raba Ganyen Yaya Habibu da Sunayensu

Shekara ashirin ke nan cif, a wannan kakar, da muka kai Yaya Habibu makwancinsa. Ya rasu a makon da sojoji suka miƙa mulki karon farko, gari na ta kiɗa da ɗaga tutoci, mu kuwa muna zaune a zauren gidanmu na Koki muna karɓar gaisuwa. Bana ga shi sojojin sun sake komawa bariki, an sake lulluɓe katangu da fuskokin 'yan siyasa, sai abin ya dawo mini ɗanye. Ba don yabo kawai na ɗauki alƙalami ba. Akwai laifin da na yi masa bayan ransa, kuma na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara tara. Yana aiki a wata makarantar koyon aikin gona, a ɗakin da ake ajiye busassun tsirrai. Ba shi da digiri. Shi ne mai riƙe jaka da wuƙa idan masana za su shiga daji, amma in an rasa sunan ganye shi ake waiwaya. A unguwa Malam Ciyawa ake ce masa, kuma ni na raɗa masa sunan. Lokacin ina koyar da Arabiyya a firamare, ina ji da kaina ƙwarai, ina ganin wanda ya san nahawu ba sa'an mai tsintar ciyawa ba ne.

Duk ranar da ba aiki, in damina ta kankama, sai ya hau badala ta bayan Gwammaja ya bi ta a ƙafa har ya gaji. Abin da ya tsinto sai ya shimfiɗa shi tsakanin shafukan tsohuwar jarida, ya matse da katako biyu da igiya, ya riƙa sauya jaridar kullum har ganyen ya bushe. Na tuna shekarar zaɓen nan, kowa na gardamar jam'iyya, shi abin da ya burge shi da siyasa kawai shi ne jaridu sun yi kauri kuma sun yi araha. A cikin kowace jarida yakan saka 'yar takarda: inda ya samo tsiron, ranar, irin ƙasar wurin, launin furen kafin ya bushe, da sunan da mutane ke kiransa. Na ofis da boko yake rubutawa. Nasa na gida kuwa da ajami, don hannunsa ya fi gudu a nan, kuma bai taɓa fara takarda ba tare da Bisimilla a samanta ba.

A cikin tsirrai akwai dangi guda da ya fi ɗauke masa hankali, masu 'yan furanni kamar maɓallin riga. Wata rana ya tilasta mini na duba ɗaya da ɗan gilashinsa mai ƙara girman abu. Ashe abin da muke cewa fure ɗaya tarin furanni ne ƙanana birjik, cunkushe a kai guda kamar gidan gandu. Ya ce harantama da ƙashin yawo da tazargade da rariyar ƙasa duk 'yan gida ɗaya ne. Rariyar ƙasa ma, in ji shi, sunan da masana suka ba ta yana nufin ƙaramar kirisantimam, wani fure da ake ji da shi a lambunan ƙasashen waje, don ta yi kama da shi. Amma kama ba ta isa hujja ba, domin tazargaden da ake jiƙa wa yara ya fi ta kusanci da furen nan, ko da yake ba wanda zai gan su ya ce sun haɗa hanya. Na ce masa to Allah ya ba da lada, na miƙa masa gilashinsa.

A daminarsa ta ƙarshe ya samo wata rariyar ƙasa da ta hana shi sukuni. A wuri ɗaya tak ya gan ta, a gindin badala wajen Ƙofar Ruwa, gefen wani kududdufi. A idona ba ta da bambanci da wadda akuya ke takawa a ko'ina. Shi kuwa ya ce bayan ganyenta da gashi, kuma gefen ƙwayar irinta ba irin na sauran ba ne. A wajen masana tsirrai iri shi ne shaida. Ya ce in abin da yake zato ya tabbata, to ba ta cikin littattafan ofishinsu, kuma shugabansa ya yi alkawarin aika ta wurin manyan masana su duba. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na watan nan ba. Sai zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida, ya cika.

Bayan sadakar arba'in aka ce a gyara ɗakinsa na soro. Ni na shiga gaba, tunda ni ne mai karatu. Na tarar da jaridu jibge har kusan rufi, ganye ya zuba, ga ƙura, ga kashin ɓera. Da na buɗe ta farko na ga Bisimilla kwance cikin ciyawa, a kan hoton wani ɗan takara, sai raina ya ɓaci. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san ba a barin sunan Allah a inda za a taka shi. Na zauna tun hantsi ina zare takardun ɗaya bayan ɗaya, ina kaɗe su, ina jera su a kan buzu.

Matarsa, Yaya Rabi, tana cikin takaba. Ta leƙo daga bakin ƙofa, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a hankali, "Malam Nasiru, shi fa ba ya raba su."

Na ce, "Yaya, ki koma ciki. Wannan sha'anin malamai ne."

Ta koma. Kafin la'asar na gama. Takardun na ɗaure su da zare na sa a gafaka. Ganyen aka share aka hura wuta da shi, jaridun kuma mai ƙosan bakin layi ta kwashe. Na yi alwala ina jin na yi wa ɗan'uwana babban aiki.

Bayan wata biyu shugabansa ya zo gaisuwa, wani dattijo mai sanyin magana. Ya tambayi kayan marigayi. Na shiga da saurina na ɗauko gafakar, har da cewa ko ɗaya ba ta ɓata ba. Ya kwance zaren, ya juya takardun, ya ɗago kai.

"Malam, ina ganyen?"

Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya mayar da zaren ya ɗaure yadda ya same shi, ya ce, "Allah ya jiƙan Habibu." Ya sa takalmansa ya tafi. A ranar na gane cewa takarda ba ta shaidar tsiron da babu shi, kuma na ƙona aikin shekara goma sha biyar da hannun da nake taƙama ya san girman rubutu.

Tun daga nan ba daminar da ban je wajen Ƙofar Ruwa ba. Takardar furen nan tana hannuna, na haddace ta: taku arba'in daga ƙofa, hagu, ƙasa ja mai damshi, a ƙarshe ya rubuta "wannan daban ce" ya ja layi biyu. Shekarun farko na samu kududdufin, ban samu furen ba. Daga baya masu gini suka yi ta haƙar ƙasar badala suna bulo da ita. Aka cike kududdufin da shara. Yanzu in na ƙirga taku arba'in, a gaban shagon mai faci nake tsayawa, ƙasan duk siminti. Sau da yawa nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga birnin yau. Ba na jin zai kula da wa ya hau wa ya sauka. Zai tsuguna ne a bakin kwata yana ɗaga leda, yana duba ko wani abu ya tsiro a ƙarƙashinta, mutane na yi masa kallon taɓaɓɓe kamar yadda muka yi.

A watan jiya na je gaida Yaya Rabi a gidan 'yarta a Dala. Tsufa ya kama ta, amma tsokanar ƙanin miji tana nan. Da na ce mata zan yi rubutu a kan marigayi, sai ta ce, "Kai da ka ce sha'anin malamai ne?" Ta sa aka miƙo mata littafin addu'o'inta, ta buɗe tsakiya. Ga wani ɗan reshe busasshe, da ganye huɗu da fure ɗaya da ya koma ruwan ƙasa. Ta ce ranar da ake shara ta tsince shi a bakin murhu, ba don ta san ko mene ne ba, don dai hannunsa ya taɓa shi. Shekara ashirin ba ta faɗa mini ba, wai don kada ta tayar mini da ciwo.

Na kai shi wurin wata malamar jami'a da ta san wannan fanni, tare da gafakar. Ta duba shi da kyau, ta ce rariyar ƙasa ce, ba shakka. A cikin takardun Yaya, goma sha ɗaya na rariyar ƙasa ne. Na tambaye ta wace ce ta reshen nan a ciki. Ta ce gashin bayan ganyen ya goge, in ma da akwai, kuma babu ƙwayar iri ko ɗaya a jikinsa. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya cewa ita ce ba, ba zan iya cewa ba ita ba ce."

To abin da ya rage na Yaya Habibu ke nan. Babu littafin da sunansa yake ciki. Akwai 'ya'yansa uku, masu gaskiya irin tasa. Akwai ni, tsohon da ba ya iya taka ciyawa mai ruwan ɗorawar fure sai ya sunkuya ya juya bayan ganyenta. Reshen nan na mayar wa Yaya Rabi, don ita ta san darajarsa lokacin da ni ban sani ba. Na haɗa mata da takardar mai layi biyu, na ce ta ajiye su a shafi ɗaya. Ta dube ni ta ce, "In kuma reshen ba nata ba ne fa?" Na ce ban sani ba, Yaya, wanda ya sani mun rufe shi. Ta sa takardar a kan furen ta rufe littafin.

Allah ya jiƙan Malam Ciyawa, ya sa ya yafe mini.