Kwana Huɗu Auta Yana Neman Laifinsa

Faɗan da na taɓa yi da Auta, ɗana na ƙarshe, a kan tabarau ne. Baƙo ya zauna masa a kai a falona ya karya, sai Auta ya ce wa baƙon ya yi haƙuri. Na ce, “Kai wane irin mutum ne?” Ya ce ai shi ya ajiye inda bai dace ba. Mutum da furfura a gemu!

Sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta. Ban yi boko ba, amma ya kwatanta min: akwai abin da yake rubutun a cikinsa, kamar keken tela, akwai kuma aikin kansa, kamar yadi. Wata takwas yana haɗa wa wani kamfanin motocin haya manhajar raba wa direbobi hanya. Sun ce Alhamis za su gwada, in ba ta tashi ba su ba wani.

Ranar Lahadi keken ya fara mutuwa. Da ya buɗe ya yi layi uku, sai fuskar kwamfutar ta daskare, komai ya rufe. Ya kashe, ya kunna, haka. Ina daga bakin ƙofa da carbina, na ce, “Ko zafi ne?” Na jawo masa fanka. Iyakar ilimina ke nan.

“Inna, wani kuskure na yi a ciki,” ya ce.

“Wa ya gaya maka?”

“To wa zai yi in ba ni ba?”

Sai ya shiga farke aikinsa. Ya goge wannan sashe ya gwada, ya goge wancan. Kwafin da ya ajiye ma ya ce ƙila da cutar a ciki, ya bi shi da gyara har ya daina gane shi. Abinci yana hucewa a kan tebur, matarsa ta ɗauke ta kawo wani. Ni da bakina ke tsorata unguwa, na rasa wanda zan zaga. Ina zan ga mai keken?

Laraba da la'asar wani abokin aikinsa ya kira, ina ji. Wai sabon gyaran da masu keken suka turo ne da matsala, duniya duk ana kuka tun Lahadi, a koma tsohon kawai. Cikin minti goma ya koma tsohon. Keken ya tashi lafiya lau, yadin ne babu rabi.

Ranar Alhamis masu kamfanin motocin suka ba wani aikin.

Yanzu ya samu wani ƙaramin aiki a gari mai nisa, na gyaran abin da wasu suka rubuta. Da zai shiga mota na riƙe hannun rigarsa. Na so in ce abubuwa da yawa. Abin da ya fito shi ne, “In ya sake mutuwa, ka tambayi mutane tun ranar farko. Baki gare ka, ni na haife shi.”