Dashen Ranar Suna

Har yau ranar da baƙuwar nan ta zo gandunmu ba ta fita raina ba. Bazara ce, shekarar da ruwa ya yi jinkiri har rijiyoyin garin Rawayya suka ja baya, kowa fuska a ɗaure.

Ni ma'aikaciya ce a gandun renon itatuwa a Bungudu. Aikinmu mu cika leda da ƙasa da taki, mu sa iri, mu yi ta ban ruwa, damina ta faɗi a raba wa ƙauyuka a dandali. To, dashen da ba na kowa ba, na awaki ne. Shugaban sashenmu, Malam Sani, ya ce in bana ma suka mutu, za a rufe gandun.

Sai aka kawo mana wata dattijuwa daga ofishin Gusau, masaniyar itatuwa, Bayahudiya. Na tsargu, don na ji ana cewa Turawa na ɗora laifin canjin yanayi kan masu yawan haihuwa.

Ta bakin tafinta ta tambaye ni, "Yaranki nawa?"

Na sunkuyar da kai. "Takwas."

Ta tafa hannu. "Kin fi ni da uku!"

Muka fashe da dariya. Ta ce addininsu ya ce a hayayyafa, ya kuma hana ɓarnar ƙasa. Wasunsu na ganin a rage haihuwa, ƙasa ta gaji. Wasu na cewa ɗa albarka ne, almubazzaranci za a rage. Ita da ƙanwarta har yau musu suke. Amma kakanninta, in an yi haihuwa, itace suke dasa wa jaririn.

Na juya wajen Malam Sani, na ce a hankali, "Malam, mu da kullum suna ake? Mu bar dandali, mu kai dashe gidan suna. Wa zai bar akuya ta ci mangwaron ɗansa?"

Ya dube ni. "Inna Hajara, karatun yaƙi da jahilcin nan da kika yi bai faɗi banza ba!"

Gandun na nan. Yanzu ungozoma ke aiko mana: tagwaye ne, a kawo biyu. Na gane a aikinmu itace ba ruwa kaɗai yake so ba, yana son mai shi.

Washegarin zuwan baƙuwar kuwa, da sassafe na ɗauko dashe takwas na kai gida, na ce kowa ya zo ya haƙa raminsa.