Yankan Dakta

Ranar Talatar da ta wuce ƙanena Habibu ya cika shekara bakwai da rasuwa. Ni mahauci ne a Agege, kamar ubanmu, karatuna kuma bai wuce aji huɗu na firamare ba, don haka mai neman zaƙin baki ya yi haƙuri. Abin da ya sa na ɗauki biro, har yau akwai masu cewa Habibu ya yi asarar rayuwarsa. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Digiri na uku yake yi a jami'a, wanda in an gama ake kiran mutum dakta. Ba daktan allura ba. Shi aikinsa ƙwayoyin halitta, wato 'yan mitsi-mitsin abubuwan da aka gina jikin kowane mai rai da su, waɗanda ido ba ya gani sai da madubi na musamman. Na hantar saniya ya zaɓa, yana so ya gano yadda suke lalacewa in guba ta shige su. Mutanen mayanka suka sami abin dariya, wai shekara ashirin yana boko, ƙarshenta ya dawo kan hantar da ya gudu ya bari.

Ranar farko da ya ce in samo masa hanta, na zaɓi ta lafiyayyen bijimi, na gyara ta, na wanke ta tas a famfo har sau uku, na naɗe a takarda mai tsabta, yadda nake yi wa babban kwastoma. Na shiga danfo, motar haya, na kai masa makaranta da kaina. Ya buɗe, ya daɗe yana kallonta.

"Yaya, ka kashe su duka," in ji shi. "Ruwan famfo fasa su yake yi. Ga shi ka yi awa biyu a hanya."

Raina ya ɓaci. Na ce saniyar da aka yanka tun da safe, me ya rage a kashe a jikinta? Ya ce saniya ta mutu, gaskiya ne, amma ƙwayoyin hantarta suna da sauran rai na ɗan lokaci, kuma wannan ɗan lokacin yake farauta. Sai ya ja ni gaban madubin, ya sa na leƙa wata da ya tanada. Shekara talatin ina yankan hanta, sai ranar na ga cikinta: ɗakuna-ɗakuna a jere, sun fi gidajen unguwar Mushin cunkoso.

Daga nan shi yake zuwa da filas cike da ƙanƙara. Da zarar an farke cikin saniya, kafin a taɓa tumbi, sai a yanko kamar faɗin yatsa biyu da busasshiyar wuƙa, ba wanki, a jefa a kwalbarsa, a rufe filas, ya haye okada. Mahauta suka sa wa abin suna yankan Dakta. Gatse ne a lokacin.

Zamanin soja ne. Yau yajin aiki, gobe an rufe makaranta. A wata rufewar aka ɗauke wuta kwana da kwanaki, ba wanda aka bari ya shiga, firiza ta narke, aikin shekara biyu ya yi wari. Kawunmu Ɗanjuma ya ce alama ce daga Allah, gara Habibu ya dawo rumfa ya kama wuƙa. Ranar da aka buɗe makarantar sai ga shi a mayanka da filas ɗinsa, ya soma daga farko. Saura wata huɗu ya tsaya gaban malamansa ya kare aikin, tirela ta bi ta kan danfon da yake ciki a Iyana Ipaja. Filas ɗin kawai aka dawo mana da shi, ya lotsa a gefe.

Yanzu soja sun koma bariki, ana ta murnar farar hula. Nakan ce ko Habibu zai ga bambanci? Wuta dai tana nan yadda ya bar ta. Abin da na san zai ba shi dariya, yawan daktoci. Kowane mako sai ka ji a rediyo an rataya wa wani ɗan siyasa riga da hula an ce ya zama dakta, bai taɓa leƙa madubi ba. Shi da ya yi shekara shida, ko takarda ba a aiko mana ba.

Ya bar 'ya ɗaya, Asma'u, a hannuna ta girma. Bana ta sami gurbi a jami'a, kuma karatun ubanta ta zaɓa. Kawu Ɗanjuma ya tara dangi a zaurena, ya ce karatun da ya cinye uba ba za a miƙa masa 'ya ba, a buɗe mata shagon ɗinki. Na bari ya gama, don babba ne.

"Kawu, tirela ce ta kashe Habibu, ba karatu ba," na ce. "Yarinya za ta tafi."

Tun ranar ba ya amsa gaisuwata. Ina gaishe shi duk da haka.

Me ya rage na Habibu? Takardunsa suna cikin akwatin ƙarfe, ni ba na iya karanta su. Amma har yau ɗalibai suna zuwa mayankar Agege da filas, Yarabawa da Inyamurai, su ce yankan Dakta suke so. Ba su san ko wane ne Daktan ba. Duk mahaucin da suka tarar ya san ba a wankewa, kuma ba mai dariya yanzu. Jami'a ba ta ba shi sunan ba, mu muka ba shi, kuma ya zauna.

Litinin Asma'u za ta tafi. Na ba ta akwatin, na ba ta filas ɗin. Ta ce, "Baffa, ai ya lotsa." Na ce har yanzu yana riƙe ƙanƙara, na gwada.

Allah ya jiƙan Habibu, ya sa ya huta.