Ƙafafun Raƙuma

Dabino ne ya hana ni zuwa makarantar Midil a Sakkwato, kuma har yau ban yafe ba.

Sa'ad da aka kai ni elementare a garin Isa, zamanin Turawa, lissafi ni ke so. Babana falken gishiri ne, tun ina ƙarami nakan zauna in yi ta juya lamba a kai har ta faɗa daidai. Ba ni da sauri, amma ba ni kuskure.

Sai malaminmu ya ɓullo da wata dabara. Ya riƙa zuwa da dabino cikin aljihu, wanda duk ya riga ɗaga hannu ya ba da amsa, nashi ne. Mi za mu yi? Muka bar tunani, muka koma karatun bakin malam. Muka gane tambayoyinshi ba su canzawa: in ya ambaci dabba, to ƙafafu za shi tambaya. Cikin wata biyu na zama gwani. Hannuna na sama kafin ya rufe baki, shi ko sai washe haƙora yake, wai ya samu haziƙi. Haziƙin banza!

Ran da Baturen makaranta ya zo zaɓen yaro ɗaya da za a kai Sakkwato, kowa ya san ni ne. Ni kaina na gaya wa innata za ni birni. Bature ya tsaya gabanmu ya fara da Hausarshi mai gargada, wai wani mutum na da raƙuma bakwai, kowane raƙumi... Sai na miƙe.

"Ashirin da takwas, ranka ya daɗe."

Ya dube ni ya ce, "Ban yi tambaya ba tukuna."

Ashe mangul nawa suka ɗauko za shi tambaya. Gishiri fa! Abin da ni ke lissafawa ko cikin barci. Wani yaron garin Gatawa da bai taɓa cin dabinon nan ba ya ƙirga da yatsu, ya faɗa. Shi aka ɗauka.

Abin da ya fi ƙona min rai, da maraice malam ya tako har zaurenmu. Mutumin da ya horar da ni kamar ɗan akuya da dusa, shi ya zauna ya gaya wa babana wai garaje ya yi min yawa, kaina ba na karatu ba ne. Ina bayan ƙofa ina jira baba ya musa. Bai musa ba, godiya ma ya yi mishi. Washegari ya miƙa min igiyar jaki.